Kwana huɗu tsakanin zafin jiki da ƙarin jini: abunda ya faru da ɗan ƙanwata a daminar bana

Ranar Juma'a wajen la'asar suka iso Jos, ana yayyafi, ƙanwata ta sauko daga mota da yaron a kafaɗa an naɗe shi da zani biyu, kansa sai lilo yake kamar ba ƙashi a wuyan. Abu na farko da na yi na buɗe tafin hannunsa, fari fat, na ja fatar idonsa ta ƙasa nan ma ba alamar ja ko kaɗan. Na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko, na san me wannan farin yake nufi, amma ganinsa a hannun ɗan da aka raɗa wa suna ina zaune a wurin daban ne wallahi. Shekararsa 2 da wata 4. Ranar Litinin ɗin satin da ƙafarsa yake bin 'yan awaki a tsakar gida.

Maleriya ce ta kayar da shi, amma ya rayu, alhamdulillah, gara in faɗa tun yanzu kar hankalin kowa ya tashi. Abunda ya sa na zauna rubutun nan, tunda aka sallame su nake ta juya kwanakin nan huɗu a raina ina neman inda aka yi sake, duk inda na taɓa sai in ga ba mutum ɗaya bane, harda ni a ciki.

Ƙanwar tawa tana aure a wani ƙauye can bayan Jengre, ƙaramar hukumar Bassa. In ka bar kwalta sai ka ƙara tafiya a babur, sannan akwai rafi da ba gada, da rani yara ma tsallake shi suke, in marka ta zauna a Agusta kuwa sai a wuni biyu ba wanda ya ƙetare. Mu 'yan cikin Jos muna da wata magana wai garinmu sanyi ne sauro baya tasiri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, kuma sanyi yana rage wa ƙwayar cutar saurin girma a cikin sauro, amma da ka fara gangarawa hanyar Jengre zuwa Saminaka zaka ji iskar ta canja ɗumi ya shigo, balle ka sauka su Wase, Langtang da Shendam. Ko a cikin Jos ɗin ma, layin masu zazzaɓi daga Yuli zuwa Oktoba sai wanda ya gani. Masu tura yara ƙauye dogon hutu su lura da wannan dan Allah, hutun yana faɗowa ne daidai lokacin da sauro ya fi ƙarfi.

Bayan ɗakinta akwai rami inda suka haƙi ƙasa suka buga bulo da rani, ruwan sama ya cika shi, garai-garai da shi har wanki ake da ruwan. Ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin matsala tunda ba wari ba datti, mu kuma a tunaninmu sauro ɗan kwata ne. Toh na kwatar yawanci wani iri ne daban, shi ne mai kuka a kunne ya hana bacci. Macen anofilis mai ɗauke da maleriya ruwa mai tsabta take so, marar zurfi, wanda rana ke bugawa, irin ramin bulo, sawun kofaton shanu, sawun taya, kwarin kunya a fadama. Daga ƙwai zuwa ya tashi fir, wajen kwana 10 ne in da ɗumi. Cizonta kuma daga dare ne zuwa asuba.

Gidan sauro akwai, na rabon gwamnati. Ɗaya yana ɗakin maigidan, ɗaya ita da yara uku a katifa ɗaya, ɓera ya yi mishi ƙofa biyu ta ƙasa, ga shi yaron mai birgima ne, kullum da safe jikinsa manne da ragar ake samunsa. Na ukun an kewaye irin barkono da shi saboda kaji. Kafin ma a shiga ɗaki, bayan isha'i kowa yana tsakar gida ana hira har wajen goma, yara sun ɓingire a tabarma ba komai a kansu.

Sai maganin rigakafin damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 har zuwa ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin tun 2012, ana yinsa a Filato wata-wata in damina ta kankama, kuma in an sha shi yadda ya kamata yana rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin 100. Kwana uku ake sha, ranar farko masu rabon ke bayarwa a gabansu, rana ta biyu da ta uku uwa ce zata ba da sauran. Ƙarfinsa a jiki sati huɗu ne, shi ya sa ake dawowa duk wata. A zagayen Yuli yaron ya sha na farko, washegari da ta ba shi ya yi amai ya wuni yana ƙyuya, sai ta tsorata ta cusa sauran a bayan kwalla. A zagayen Agusta masu rabon sun zo tana gona da yaron a wurinta, surukarta ce kawai a gida, ba su sake haɗuwa ba. Kenan ranar da zazzaɓin ya zo ba wata kariya a jininsa.

Litinin da yamma jikinsa ya ɗau zafi zau. Kakarsa, Inna, ta sa yatsa a bakinsa ta ce haƙori ne, turamen baya ne ke fitowa. Kuma ba ƙarya ta yi ba, a shekarunsa turamen na fitowa, sai dai haƙori baya kawo zazzaɓi mai zafi irin wannan, ya dai sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan ɗumi. Maganar haƙorin nan ta ci yara da yawa a ƙasar nan, kusan kullum sai na ji ta a bakin iyaye mata a wurin aiki. Aka ba shi farasitamol na ruwa, gumi ya karyo, ya yi bacci. Nan maleriya take yaudarar mutane, zafin yana zuwa ya sauka ya dawo, farasitamol kuma zafin kawai yake saukarwa, ƙwayar cutar tana nan tana aikinta.

Talata da rana ta hau tudun bayan gari inda ake samun sabis ta kira ni. Ina tsakiyar awon masu ciki, mata sun fi arba'in a benci. Ta ce, "Yaya, jikin yaron nan da zafi tun jiya, Inna ta ce haƙori ne." Na ce mata, "Ki ci gaba da farasitamol ɗin, gobe ki kai shi a yi mishi gwaji." Shikenan na kashe. Ban tambaye ta yana ci yana sha ba, ban tambaye ta ko da kuɗi a hannunta ba alhalin na san watan Agusta a ƙauye kuɗi duk yana cikin ƙasa, an zuba a taki, rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba. Ban sake kira da dare ba. Ni da nake tsayawa gaban mata kullum ina cewa zazzaɓin yaro kar ya wuce awa 24 ba a gwada ba, ni na ce wa ƙanwata gobe. Wannan kalmar tana damuna har yau.

Laraba ta goya shi ta taka zuwa asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen gaba, ga ciki wata shida a gabanta. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ma'aikaci ɗaya ne a wurin, daga nesa yake zuwa a babur, ruwan daren ya hana shi. Sai ta faɗa wurin mai kemis. Ba na son in mayar da masu kemis mugaye, su ne a buɗe cikin dare, su ne ke ba da bashi, a ƙauyuka da yawa su ne asibitin gaba ɗaya. Amma abunda ya faru shi ne bai gwada yaron ba, ya tambaye ta nawa ne a hannunta, ya ɗauki almakashi ya yanko mata ƙwaya uku daga katin maganin maleriya na manya, ya haɗa da wani sirof, ya yi wa yaron allura ɗaya da har yau ba ta san sunanta ba. Maganin nan irin su Coartem, wanda Najeriya ta koma kansa bayan kulorokwin ya daina aiki, sau shida ake shansa cikin kwana uku, yaro mai nauyinsa ƙwaya ɗaya kowane sha, na biyu bayan awa 8, sauran safe da yamma, kuma ana so a haɗa da nono ko madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Cikin ukun da ta samu, ta farko ya amayar nan take, ba wanda ya gaya mata in yaro ya yi amai kafin rabin awa ana maimaitawa. Biyu kenan suka zauna cikin shida.

Biyun nan su suka ƙara rufe mata ido, saboda Alhamis da safe ya ɗan warware har ya kurɓi kunu, ta ce alhamdulillah ta bar shi wurin Inna ta tafi gona, ana ta fama da ciyawa. Da ta dawo da yamma ta same shi kwance yaraf, ya ƙi kunu ya ƙi ruwa, numfashi sama-sama. Aka dafa ganyen dogon yaro da na mangwaro aka yi mishi surace. Maigidan baya nan, ya tafi wajen haƙar ma'adini neman kuɗin taki na biyu, wayarsa ba ta shiga, ita kuma ba ta taɓa fita da yaro zuwa Jengre ba da izininsa ba, kuma ko ta fita da me zata biya.

Anan nake so in ɗan tsaya, saboda mutane na tambaya ya za a yi zazzaɓin da babba ke sha ya tashi ya tafi kasuwa ya kayar da yaro cikin kwana huɗu. Babban da ya tashi a ƙauye an cije shi sau ba adadi, ya yi ta kwanciya yana tashi har jikinsa ya saba da faɗan. Jariri yana zuwa da 'yar kariya daga uwarsa amma wajen wata shida take ƙarewa, daga nan har shekara biyar yaro yana tsakiya ne, ta uwa ta tafi tashi ba ta ginu ba. Ƙwayar falsifarum, wadda ita ce ta fi yawa a wurinmu kuma ta fi kisa, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa, duk awa 48 ƙwayar jinin ta fashe ta saki sababbi sama da goma, kowacce ta nemi wata ta shiga. Litinin zuwa Juma'a zagaye biyu kenan cur. Sannan ku duba yawan jinin, yaro mai kilo 11 duk jinin jikinsa bai kai lita ɗaya ba, bai cika ledar fiyawata biyu ba. Ga shi dama an yaye shi saboda cikin, abincinsa kunu ne da tuwo, jinin tun asali ba isasshe ba. Ƙwayoyin jinin da suka kamu kuma suna yin danƙo su liƙe a ƙananan hanyoyin jini, in na ƙwaƙwalwa suka toshe shi ne ake ganin jijjiga da suma.

Ita ce ta zo da asubahin Juma'a. Idanunsa suka juye, jiki ya kakkafe, haƙora suka datse. Gida ya rikice, wata ta ce iska ce ta taɓa shi, aka tura mishi cokali a baki har ya fasa mishi dasashi, aka yi turare, aka kira malam ya yi tofi. Addu'a kam ba mai hana ta, ni ma ita na yi ta yi, amma ana iya yinta a kan babur ana tafiya. Cokalin ne da hayaƙin nake roƙo a daina. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a sassauta kaya, kar a sa komai a bakinsa ko ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa ya wuce huhu. Allah ya saka wa yayan mijinta da alheri, shi ya ce a tashi, in ƙaninsa ya dawo shi zai yi bayani. Shi ya ɗaga yaron sama da kansa ya ratsa rafin ruwa iya ƙirji, wasu samari biyu suka riƙo ƙanwata. Akwai wani maganin atesunet na matsi ta dubura da aka tanada don irin wannan halin, a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kafin a kama doguwar hanya, da akwai shi kusa da an sayi 'yan awoyi. Babu.

A wani asibiti a hanya aka huda ɗan yatsansa, kafin minti 15 layi biyu suka fito a abun gwajin, wato maleriya ce, aka yi mishi allurar atesunet ta farko aka ce su wuce Jos jini yake buƙata. Da muka shiga ɗakin gaggawa na yara aka auna, ma'aunin jininsa 13, alhalin duk abunda ya yi ƙasa da 15 a yaro mai maleriya an shiga haɗari. Sugansa ma ya faɗi, wannan ma maleriya mai tsanani tana yi, balle ga yaron da ya wuni ya kwana bai ci ba. An sha wuya kafin a samu jijiya. Maigidana ya ba da jini, aka ɗaura wajen sha ɗayan dare, ƙanwata tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar gadon ta ƙi hawa kujera. Allurar ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, da ya fara iya haɗiya aka koma na baki aka yi kwana ukun cif. Ranar Lahadi da hantsi ya buɗe ido sosai ya ce "uwa", wato ruwa yake nufi, haka yake faɗa.

A ɗakin nan gado ɗaya yara biyu, wani uku, kuma in ka tambayi iyayen daga ina, kusan duk sunan ƙauye zaka ji. Alƙaluma ma haka suka nuna. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, an samu ci gaba tunda a 2010 kashi 42 ne, amma na ƙauye ya ninka na birni fiye da sau biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2023 mutum wajen 597,000 maleriya ta kashe a duniya, kusan 3 cikin kowane 10 a Najeriya ne, kuma a Afirka kashi uku cikin huɗu na mamatan yara ne da ba su kai biyar ba. Na sha karanta lambobin nan a wurin bita, daren nan ne na zauna a cikinsu.

Kwana shida suka yi. Kuɗin mota, kati, gwaje-gwaje, ledar jini, magani, abincin masu jinya, saida aka sayar da awaki biyu aka kuma ci bashi a kan masarar da ba a girbe ba, banda abunda muka haɗa. Gwajin ɗan yatsa da cikakken katin maganin yara da za a yi ranar Talata ko kuɗin kaza ɗaya ba zai ci ba.

Inna ta zo dubiya rana ta huɗu, ta zauna shiru, can ta ce ita ta ce haƙori ne. Na ce, "Inna, ku daina ɗora wa kanku, ku da abunda kuka sani kuka yi, ni da na yi karatun abun ma na ce a bari sai gobe." Muka yi magana mai tsawo, kuma na gane in ana so saƙon nan ya zauna a ƙauye da kakanni za a yi shi, su ke riƙe da yara in iyaye na gona, su ake tambaya kafin a motsa. Ta riƙe alamomin da bakinta, yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da duk abunda ya shiga, bacci ya yi nauyi ba a iya tada shi, numfashi da sauri, tafin hannu ya yi fari, jijjiga, ko ɗaya aka gani ba jiran gari ya waye ba jiran maigida. Shi ma maigidan da ya iso ya faɗa a gaban yayansa cewa in dai asibiti ne ya ba ta izini har abada, kuma an ajiye ɗan kuɗi a gwangwani da ba a taɓawa sai don wannan.

Kafin su koma na kai ƙanwata awo, ashe ciki wata shida ba ta taɓa zuwa ba, ko Fansidar ɗin da ake ba masu ciki wata-wata bayan ciki ya wuce wata uku ba ta sha ko sau ɗaya ba, ita ma jininta ƙasa-ƙasa. An fara mata. Ta tambaye ni labarin allurar rigakafin maleriya da ta ji a rediyo, na ce mata gaskiya ne, an fara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, ana yi wa yaro a wata 5, 6, 7 sai kuma 15, amma ko an yi wa yaro ita gidan sauro da gwaji suna nan daram.

Na saya musu sabon gidan sauro babba, na ce ta shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ta ɗaura saboda ƙaiƙayin fuska da take kuka da shi, ta riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, yara kuma da an yi isha'i a shigar da su. Ramin bayan ɗakin sun cike shi da ƙasa, na maƙwabta guda uku suna nan. Zagayen rigakafin Satumba ta tsaya a gida ta jira masu rabon, rana ta uku ta hau tudu ta kira ni don in ji ya shanye.

Yaron yana tafiya yana ci, amma maganarsa ta ragu, kalmomin da yake faɗa kafin ciwon wasu ba su dawo ba tukuna, likita ya ce a sa ido, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa takan bar wa wasu yaran tabo, wasu kuma su warware a hankali. Ya kuma ja mana kunne cewa yaron da aka ƙara wa jini watannin farko bayan sallama sun fi haɗari, zazzaɓi kaɗan a dawo da shi. Litinin mai zuwa ce ranar komawarsu a sake auna jinin, na riga na tura kuɗin mota wurin yayan mijinta, jiya da dare kuma an yi ruwa sosai ta wajensu, ina jiran ta hau tudu ta gaya min yadda rafin yake.